Mangwaron Littafin Tsigi

Litinin 3 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na shuka ƙwallon mangwaro ɗari da ashirin a leda, layi na uku daga famfo. Na ba lemun tsami ruwa. Gwandar da ke bakin shingen waya ta kama ƙwari, a duba ta.

Littafin aikin lambu ne wannan. Shekara tara ina rubuta shuka da dashe a irinsa, ban taɓa sa maganar gida a ciki ba, amma yau hannuna ya ƙi tsayawa. Tsigi tana gida. Ita kaɗai gare mu, shekararta goma sha biyar. Ranar Asabar aka kira ni daga makarantar kwana in zo in ɗauke ta, ko tsakiyar zango ba a kai ba. Ba ta yi laifin komai ba. Sau uku shugabar makarantar ta maimaita min haka, tana riƙe da hannun yarinyar. Ta ce ta huta a gida har sai ta ji za ta iya komawa.

Muka kamo hanya a mota. Ta dai rungume wani littafin rubutu mai koren bango, kamar akwai mai shirin ƙwacewa.

Talata 4, ƙarfe ɗaya na rana

Ta sha rabin kofin shayi. Burodin kyanwa ta tura wa.

Laraba 5, shida da rabi na yamma

Mamanta ta rufe keken ɗinki tun ranar Asabar, wai kada ƙara ta dami yarinyar. Ga kayan mutane jibge a kan kujera. Gidan ya yi tsit, ni kaina sanɗa nake yi idan zan wuce ƙofar ɗakinta. Yau ina cire takalmi sai ga ta ta fito, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Mama, don Allah ki yi ɗinkinki. Shirun nan ya fi damuna."

Maganarta ta farko ke nan mai tsawo. Mamanta ta zauna ta taka keken da ƙarfi, na ga ba ta ma zura zare a allura ba.

Na lura ta fi uwarta tsawo yanzu. Ni na sa mata Tsigi ranar da aka miƙo min ita a tsumma, don ko nauyin tsuntsu ba ta yi ba. Yaushe ta miƙe haka ban sani ba.

Alhamis 6, ƙarfe huɗu na yamma

Na zo da ita lambu don Mamanta za ta kai ɗinki. Na kifa mata bokiti a ƙarƙashin rumfa ta zauna. Ban ba ta aiki ba.

Laifina ne abin da ya biyo baya. Ban gaya wa Mai Tukwane komai ba. Shi ne maƙwabcina a bakin titin nan, yana sayar da tukwanen fure, shekara goma sha ɗaya muna shan shayi a buta ɗaya, kuma bakinsa ba ya hutawa. Yana hango ta ya ɗaga hannu. "A'a! 'Yar boko ta sauka! An kore ki ne ko ke kika kore su? Ina ƙawar nan taki mai tabarau da ta cinye mana gwaba?"

Tsigi ta miƙe a hankali ta zaga bayan tankin ruwa.

Na ja shi gefe na faɗa masa. Ba zan rubuta abin da na faɗa ba. Ya cire hularsa, ya nemi wurin zama, ya zauna a kan sabuwar tukunya, ta tsage gida biyu, bai ma waiwaya ba.

Kwana uku Mai Tabarau ta yi a gidanmu hutun da ya wuce. Gadonta ne a saman na Tsigi a makaranta. Babu shukar da ba ta tambayi sunanta ba a lambun nan, tana rubutawa a tafin hannu. Ta ci gwaba har na ce cikinta zai yi magana, ta ce, "Baba, ai ni likitar gwaba ce." Baba take ce min ita ma.

Juma'a 7, bakwai na safe

Ban-ruwa. Famfo yana yoyo.

Asabar 8, ƙarfe biyu na rana

Ita da kanta ta ce za ta biyo ni. Mai Tukwane ya ajiye mata 'yar tukunya mai zanen kifi a kan bokitinta, ya gudu ya laɓe a shagonsa kamar ɓarawo. Ta juya ta, ta duba gindinta, ta ajiye kusa da ƙafarta.

Ta bar koren littafin a kan teburin aiki ta tafi wanke hannu. Ban buɗe ba. Na ɗora masa almakashi don kada iska ta buɗe min shi.

Lahadi 9, biyar na yamma

Yau ta miƙo min shi. "Baba, ka duba min maganar itacen kawai. Kada ka karanta sauran."

Ta yaya mutum zai yi haka? Na karanta duka, ina zaune a kan baro.

Labari ne, kuma hannu biyu ne a ciki. Babi ɗaya rubutun Tsigi, ƙanana a tsaye kamar an shuka su a layi. Babi na gaba na Mai Tabarau, manyan haruffa masu kwanciya, suna tsallake layi yadda suka ga dama. Malamarsu ta adabi ce ta sa su, na gasa ne: labarin yarinya da take girma, a kuma ɗauki wani abu na halitta ya riƙa nuna abin da ke zuciyarta. Su biyun suka zaɓi mangwaro. Kakar yarinyar ta shuka shi ranar da aka haife ta. Yarinya ta yi rarrafe, ya yi reshe. An kai ta makaranta tana kuka, ya zubar da ganye. Babi shida ne. Na shidan da manyan haruffan ne, daga nan sai farar takarda.

Na ce, "Labarin yana da daɗi. Amma wannan mangwaron naku na aljanu ne."

Ta ɗago.

Na ce, "Ƙwallo aka shuka, wata takwas ya yi 'ya'ya? Ko ɗan aure ne, wanda aka haɗa masa reshen wani mangwaron, sai ya shekara uku. Na ƙwallo kuwa ki ba shi shida, ki ƙara haƙuri. Sannan ba ya zubar da ganye don yarinya ta yi kuka a makaranta."

"Baba, alama ce."

"Alamar me?"

"Malama ta ce a irin wannan labarin itace ba itace ba ne kawai. Ruwan sama ma ba ruwa ba ne kawai."

"To a wurina ruwa ruwa ne, kuma wanda ya rubuta babin nan na biyu bai taɓa riƙe tiyo ba."

Sai da maganar ta fita na tuna hannun wa ke babi na biyu. Na so ƙasa ta buɗe.

Ta kalli littafin ta ce, "Sai da na gaya mata. Na ce wallahi Babana zai kama mu. Ta ce Baba ba zai karanta ba, shi da ba ya karanta komai sai bayan kwalbar maganin ƙwari."

Ta yi dariya, 'yar guntuwa. Dariyar ce ta juye mata. Na ajiye littafin na riƙe kanta a kafaɗata, hannuna duk taki. Wani ya tsaya da mota yana ta danna oda yana son fure, Mai Tukwane ya fito ya ce masa an tashi.

Litinin 10, ɗaya na rana

Ta cinye shinkafarta. Na ƙara mata, ta harare ni.

Talata 11, bakwai da rabi na safe

Mun yi 'yar sa-in-sa da Mamanta a kicin, da murya ƙasa-ƙasa. Ita tana ganin mako biyu ya isa, a mayar da ita cikin 'yan uwanta ɗalibai, zaman ɗaki ba ya warkar da kowa. Ni na ce a bar ta, ko shekarar ce ta tafi, ta tafi. Ta ce, "Kai so kake ka sa ta a leda ka ajiye a inuwa kana ba ta ruwa." Na ce to mene ne laifin hakan? Ta ce, "Ba shuka ba ce, Baban Tsigi."

Na fito ban sha shayin ba. Na dawo daga bakin ƙofa na sha, don na san za ta zauna tana kallon kofin.

Laraba 12, uku na yamma

Na tsinci takardu uku a cikin kwandon shara na lambu, an dunƙule su. Rubutun Tsigi ne, babi na bakwai. A ɗaya guguwa ta tumɓuke itacen. A ɗaya gara ta cinye shi ta ciki. A ta ukun layi ɗaya ne, wani ya zo da gatari.

Na mayar da su yadda na same su.

Alhamis 13, shida na yamma

Malamar adabin ta kira wayar Mamanta. Muryarta ta dishe. Ta ce ranar ashirin ga wata ake rufe karɓar labaran gasa, amma kada a matsa wa Tsigi, ta kira ne kawai ta ji lafiyarta. Ta ce a cikin ajin nan kaf babu masu gardama da ita irin su biyun, yanzu idan ta yi tambaya sai ta ga tana jiran hannu daga kujerar baya. Tsigi ta ƙi karɓar wayar. Ta tsaya dai kusa tana ji.

Juma'a 14, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Muna cika leda da ƙasa, ni da ita. Hannunta ya iya, ba ta danna ƙasar da yawa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Baba, itace yakan nuna alama kafin ya mutu?"

Ni kuma, mai lambu, na buɗe baki na ba ta amsar mai lambu. Na ce ƙwarai, ganye yakan sauya, kan reshe yakan bushe, mai lura yakan gani da wuri.

Ta ce, "Wanda bai lura ba fa?"

Sai a lokacin na gane ba itace ake tambayata ba. Na tsaya da leda a hannu. Ta cika leda huɗu, ta jera su daidai, ta wanke hannu ta ce za ta koma gida.

Mai lura yakan gani da wuri. Ni na faɗi haka da bakina.

Juma'a, biyu na rana

Na yanke yatsa da wuƙar haɗa auren itace. Shekara ashirin rabona da haka.

Asabar 15, takwas na safe

Ba ta fito ba. Shayi ya huce a ƙofar ɗaki.

Lahadi 16, biyar da rabi na yamma

Mamanta ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta tana tsefe mata kai, ƙofa a rufe. Ina tsakar gida ina gyaran tiyo, ina jin muryar Tsigi tana tafiya tana tsayawa. Sun fi awa biyu. Da Mamanta ta fito idonta ya kumbura, ta zauna kusa da ni a kan dakali ta faɗa min.

Safiyar ranar da abin ya faru, an kaɗa ƙararrawa, Mai Tabarau ba ta sauko daga gado ba. Ta ce ƙirjinta ya yi nauyi. Ranar suna da gwajin lissafi, ita kuma ta tsani lissafi, ta taɓa yin ciwon ƙarya sau biyu saboda shi, Tsigi ce ma ta rufa mata asiri. Sai Tsigi ta ja mata bargo ta ce, "Raguwa, yau kuma ƙirji ne?" Suka yi dariya su biyun. Tsigi ta mayar mata da bargon ta tafi aji. Ba ta gaya wa matar da ke kula da ɗakin kwana ba, don kada a kama ƙawarta.

Sauran na ji shi tun a ofishin shugaba. Ba sai na rubuta ba.

Mamanta ta ce, "Kwana goma sha shida tana ɗauke da wannan ita kaɗai." Na gaya mata amsar da na bayar ranar Juma'a. Ba ta yi min faɗa ba. Da ma ta yi.

Litinin 17, bakwai na safe

Ƙwallayen layi na uku sun fara tsagewa, talatin da ɗaya sun fito. Famfo har yanzu yana yoyo.

Talata 18, huɗu na yamma

Ta biyo ni yau, ba don ta so ba, Mamanta ce ta turo ta da abincina.

Muna zaune sai ga wata mata ta faka jar mota, ta buɗe bayan motar ta sauko da mangwaro ɗan aure da na sayar mata watan jiya. Tun daga nesa take faɗa. Wai na sayar mata da matacce. "Dubi! Dubi ganyen nan, ja, ya yi laushi, ya rataye kamar tsumma. Kwana uku ina ɗura masa ruwa, na cire wasu ma, sai ƙara fitowa suke."

Na karɓa na duba. Na ce, "Ranki ya daɗe, wannan sabon ganye ne. Haka mangwaro yake toho. Ja yake fitowa, a sanyaye, kamar ya mutu. Ki ba shi mako biyu zai miƙe ya yi kore. Waɗanda kika cire su ne lafiyarsa."

Ta ce, "To ni ina zan sani?"

Mai Tukwane ya leƙo ya ce, "Hajiya, ni shekara goma sha ɗaya ina gefensa, har yau ban san bambancin albasa da fure ba." Ta yi dariya, ta sayi tukunya biyu don kunya, ta mayar da itacenta mota.

Bayan ta tafi Tsigi ta ce, "Ashe alamar ma tana ruɗin mutum."

Wannan karon na ajiye abin da ke hannuna kafin in amsa. Na ce, "Ranar Juma'a na yi miki burga ne. Gaskiyar ita ce, shekara ashirin ina wannan aiki, har gobe ina kuskure. Akwai wanda na fid da rai na jefar bayan tanki, na dawo na tarar ya yi toho. Akwai wanda na bari da safe kore shar, na ba shi ruwa da hannuna, da yamma na tarar ya kwanta. Sai daga baya mutum yake cewa ai na ga alama. A lokacin ba alama ba ce, ganye ne kawai."

Ta buɗe kwanon abincin ta tura min, ta sa hannu muka ci tare.

Laraba 19, tara na safe

Ta ce tana so ta je wurin maman Mai Tabarau. Mu mun je mata ta'aziyya tun a makon farko, ita ba ta iya ba. Na ce ko mu bari sai ta ƙara ƙarfi. Mamanta ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Alhamis 20, bakwai saura na yamma

Mota biyu muka hau, mu uku. Matar tana aiki a gidan burodi, ɗaki biyu take haya a bayansa, ko'ina ƙamshin burodi. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗakin tsaf. Labule mai ruwan ƙasa, kujera uku, ƙaramin firji, kan firjin kuma tabarau a ninke a kan farin hankici. Na kawar da idona, na ga Tsigi ba ta kawar ba.

Matar ta rungume ta ta ce, "Ke ce sai yau? Kullum ina sauraren ƙofa."

Tsigi ta zame ta durƙusa a gabanta. Ta faɗi komai, bargon da gwajin lissafin da kalmar da ta kira ta da ita. Ba ta rage ko ɗaya ba, ba ta kuma yi kuka ba sai da ta kai ƙarshe. Na so in sa baki, Mamanta ta riƙe min hannun riga.

Ana jin ma'aikata suna jefa faranti a bayan bango. Matar ta ce, "Tashi ki zauna nan kusa da ni." Tsigi ta zauna. Ta ce, "Ranar ziyara ta ƙarshe ta ce min idan ta hau bene numfashinta yana yankewa. Kin san me na ce mata? Na ce ta rage ci. Ni da na haife ta. Na ba ta burodin da na kawo, na kama motar ƙarfe huɗu don kada in makara aiki." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ban gaya wa kowa ba sai ke. To yanzu mu biyu ne. Ni ba zan ce miki ki manta ba, don ni ma ban manta ba. Amma idan za a kama ki, sai an fara kama ni."

Suka riƙe juna. Mamanta ta juya tana kallon labule. Ni na ƙirga tayal ɗin ƙasa.

Daga baya Tsigi ta fito da koren littafin. Matar ta shafa manyan haruffan da yatsa ta ce, "Kai, wannan rubutu kamar kaza ta bi ta kan takarda. Karanta min, idona ba ya gani yau." Tsigi ta karanta babi na biyu. Da aka zo wurin da mangwaro ya yi 'ya'ya a wata takwas sai na yi gyaran murya ba da niyya ba. Tsigi ta ce, "Baba ya ce ƙarya ne." Matar ta fashe da dariya da hawaye a fuska ta ce, "Haka take! Ba ta iya jira ba. Tun burodi yana cikin wuta take tambaya ko ya yi."

Tsigi ta ce ta kasa ƙarasawa. Duk yadda ta juya, sai ta ga dole itacen ya mutu, don haka ne gaskiyar labarin.

Matar ta ce, "Ni ba ruwana da itace, 'yata, ku da malamarku kuka san wannan. Yarinyar nake so. Shekararta nawa a inda kuka tsaya?"

"Goma sha biyar."

"To ki ƙara mata. Ki sa ta girma. Ina so in ga abin da za ta zama."

Ta cika mana leda da burodi mai zafi, ta ƙi jin a'a. A mota Tsigi ta yi barci a kafaɗar uwarta, ledar a cinyarta.

Juma'a 21, bakwai na safe

Ban-ruwa. Ban iya komai ba bayan haka, na zauna.

Asabar 22, uku na yamma

Gasar ta rufe shekaranjiya. Na tuna mata, ta ce ta sani.

Ta mayar da teburin aikina ofis. Ta ture kwalaben magani gefe, ta zuba alƙalumanta a cikin tukunya mai zanen kifi. Kowane minti goma sai tambaya. "Baba, mangwaro mai shekara goma sha bakwai ya kai tsawon me?" "Baba, idan akuya ta ci ɓawonsa yana warkewa?" "Baba, wa ke share ganyen idan mai shi ta tafi jami'a?" Na ce uwarta mana, wa kuma? Ta rubuta.

Na tambaye ta yanzu itacen alamar mene ne. Ta ce, "Ban sani ba tukuna. Yana bayan gida dai. Ana shanya a jikinsa."

Litinin 24, ɗaya na rana

Mai gyaran famfo ya zo. Yarinyar cikin littafin ta kai shekara goma sha tara, ta faɗi lissafi sau biyu.

Laraba 26, biyar na yamma

Ta karanta mana babi na tara, ni da Mai Tukwane. Yarinyar ta zama likitar dabbobi, tana da babur, tana faɗa da kowa a kan hanya, tana cin abinci a tsaye. Ba a ce tana sa tabarau ba, amma sau biyu ta tura wani abu sama a kan hancinta. Mai Tukwane ya nemi a sa shi a labarin, ko da mai gadi ne. Ta ce sai dai mai fasa tukwane. Ya ce ya yarda.

Da za mu rufe ta ce, "Baba, ranar Lahadi zan koma."

Na ce babu gaggawa. Ta ce ta sani. Na ce ko bayan hutu. Ta ce, "Baba." Na haƙura.

Alhamis 27, takwas na safe

Mamanta ta sake mata kalmasar siket ɗin makaranta, ta ƙara yatsa uku. Ba ta ce ai na gaya maka ba.

Asabar 29, shida na yamma

Na yi ta zaga lambun ina neman abin da zan ba ta. Babu abin da ake shiga da shi ɗakin kwana. Na sayo mata biro huɗu.

Lahadi 30, biyar da rabi na yamma

Mun kai ta. Maza ba sa wuce ƙofar ɗakin kwana, na tsaya a waje kusa da igiyar shanya. 'Yan ɗakinsu suka taho a guje, da suka matso sai suka ci birki, suka tsaya cirko-cirko, kowa na jiran wata ta fara. Tsigi ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Wa ya ɗauke min bokiti?" Wata 'yar ƙarama ta ɗaga hannu a tsorace. Sai dariya, sai kuka, suka rufe ta har na daina ganinta.

Shugaba ta ce an shirya mata gado a wani ɗakin. Tsigi ta yi godiya ta ce a bar ta a nata.

Mun yi sallama, mun kama hanyar ƙofar fita, sai na ji takunta a bayanmu. Na ɗauka ta fasa ne, kuma Allah ya sani na ji daɗi. Ta tsaya tana haki ta ce, "Baba, ranar ziyara, idan za ku taho, ku biya ku ɗauko mamanta. Ta saba zuwa. Kada ranar ta same ta a ɗaki ita kaɗai."

Na ce to. Ta juya ta koma da sauri, ba ta waiwayo ba.

A mota Mamanta ta ce in rubuta don kada in manta, kamar zan iya mantawa. Ga shi na rubuta: Lahadi 13 ga wata mai kamawa, mu fita ƙarfe bakwai, a biya ta gidan burodi. Kujera uku a mota.